Randar da Ba Ta Sha Ruwa Ba

Shekaranjiya autata ta shigo ɗakin da nake karatu tana neman abin ɓarna, ta tsaya gaban randar da ke kusurwa, ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. Randar ta amsa da wata ƙara siririya mai tsawo, irin ta tukunyar da ta gasu sosai kuma babu ruwa a cikinta. Ban san lokacin da na ajiye abin da nake dubawa ba. Yarinyar ta tambaye ni me ya sa duk zafin nan ba ma zuba ruwa a ciki, na ce ta je uwarta tana kira. Wallahi ba wanda ya kira ta. Amsar ce ta fi ƙarfin shekarunta. Amma kai mai karatu, in kana da haƙuri, gyara zama in ba ka.

An haife ni a wani ƙauye na ƙasar Bagudo, can ta wajen Kaoje, inda ruwan Kwara yake shigo mana gona duk shekara ba sallama. Shinkafa muke nomawa, kifi muke ci, sauro kuma yana cin mu. In ka bi hanyar yamma da sassafe, kafin rana ta yi tsaka ka shiga ƙasar Binin ba ka sani ba, sai dai ka ji gaisuwa ta canja. Mu ba ma cewa Binin ma, Faranshi muke cewa, ko mu ce ƙetare. A kasuwarmu kana jin Hausa da Fillanci da Dandanci da harshen Kyangawa a rumfa ɗaya, kuma kowa ya san zagin kowa.

Kakata, wadda ta haifi mahaifina, daga ƙetaren nan aka auro ta. Badandiya ce. Kakana ya je fataucin busasshen kifi garinsu, ya dawo da kifin bai ƙare ba amma da mata. Ta zo tana yarinya, ta haihu a nan, ta binne miji a nan, haƙoranta suka zube a nan, amma har gashinta ya yi fari tas sunanta a garin bai canja ba: Baƙuwa. Ba da mugunta ake faɗa ba, ka gane. Yara ma in an aike su cewa suke, an ce Baƙuwa ta ba da kasko. Ita kuwa Hausarta har ta mutu ba ta miƙe ba, in ranta ya ɓaci sai Dandanci ya ƙwace mata, mu jikoki mu yi ta dariya muna kwaikwayonta tana jifan mu da ɓawon gyaɗa.

Ni take ce wa Mijina, don sunan kakana aka sa mini. Kullum cikin tsiya muke. In na shigo da ƙafa duk taɓo ta ce, "Dubi wanga miji, ko kifi guda bai kawo ba, sai ƙazanta." In na ce zan sake ta in auri yarinya, ta ce in fara biyan tuwon da na ci. A gindinta na girma, kuma gindinta yumɓu ne, domin maginiyar tukwane ce, babu kamarta a duk yankin.

Da rani, in ruwa ya ja baya, mukan je bakin fadama mu haƙo yumɓu. Ta jiƙa shi, ta daka tsofaffin tsingaro, wato fasassun tukwane, ta gauraya, ta yi ta taka shi da dugadugai tana wata waƙa da ban taɓa gane kanta ba. Har yau in na rufe ido ina jin sanyin yumɓun nan tsakanin yatsun ƙafata, da ƙaurin karan dawa da kashin shanu ranar gashi. In wuta ta mutu, sai ta bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasa su da bayan yatsa. Wadda ta yi ƙara siririya ta ajiye, wadda ta ce ɓus ta tura gefe, ta ce wannan ta koma cikin daka.

Abin da ya raba tukunyarta da ta kowa shi ne zanen wuya. Tana da wata 'yar igiya ta rama, ba ta fi tsawon yatsa ba, tufkakkiya da ƙulli a tsakiya, ta yi baƙi ƙirin saboda hannu. In yumɓu yana ɗanye sai ta murza igiyar da tafin hannu a kewayen wuyan randa, ta bar sawu kamar ƙayar kifi, da ɗigo a tsakanin kowace ƙaya. Uwarta ce ta tufka mata ranar da za a kawo ta. Ta ce a gidansu kaɗai ake wannan tufka, uwa ta koya wa 'ya, kuma ko a kasuwar da ba su san kowa ba, in suka ga zanen nan sun san jininsu ne ya taɓa tukunyar. A cikin lalitarta take ajiye igiyar, tare da goro.

To, muna da wata al'ada a garin. Ranar da za a kai amarya, ana ajiye sabuwar randarta a tsakar gidan miji, mata su kewaye, sai tsohuwar da ta fi kowa shekaru cikin 'yan asalin gari ta ɗebo ruwan kogi a ƙwarya ta fara zubawa, ta sa albarka. Ruwan fari muke ce masa. Sabuwar randa in ta sha ruwan fari tana yin wani shuuu, tana fitar da ƙanshi kamar na yayyafin farkon damina, mata su rangaɗa guɗa. Babu randar amarya ɗaya a garin nan da ba Kaka ce ta gina ba. Babu kuma ɗaya da ta taɓa zuba wa ruwan fari. Takan ɗauko randar da kanta, ta girka ta, ta gyara mata zama da tsakuwa, sannan ta ja da baya ta tsaya cikin 'yan kallo. Lokacin tana matashiya ba ta damu ba. Amma sai sa'o'inta suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ita ce babba a garin, aka ci gaba da tsallake ta ana kiran matan da ta ga haihuwarsu. Nan abin ya fara yi mata ciwo, kuma ba ta ɓoye ba.

"Ni ba baƙuwa ba ce," haka take ce mini muna dawowa daga irin wannan biki. "Gida na dawo. Kakanninmu nan sunka zauna, bisa tudun can, kahin yaƙi ya kore su yamma. Tsohinmu sun faɗi, tudu gabas, bakin ruwa, da tsamiya."

Tudun da take nufi yana bayan gari, ɗan ƙarami, ko filin ƙwallon makarantarmu bai kai ba. Kufai ne, kowa ya san mutane sun taɓa zama a kai, amma ba wanda ya san su wane ne. Ba a nomansa, ba a ɗibar ƙasarsa, ko itacen tsamiyar ba a sara. Ana cewa masu wurin suna nan. Mu yara an hana mu zuwa, shi ya sa muke zuwa.

Wata shekara ruwa ya yi yawa, ya ci gindin tudun ta gefen fadama. Da ya janye na je neman tarwaɗa a cikin kududdufi, sai na taka wani abu mai kaifi. Tsingaro ne, faɗin tafin hannuna. Na wanke shi zan yi wasan jifa a kan ruwa, sai na ga ƙayar kifi da ɗigo. Na kawo mata a guje, na ce ga tukunyarki ta fashe a bayan gari. Ta karɓa ta juya shi, ta daɗe tana shafawa da babban yatsa. Sannan ta kwance lalita, ta fito da igiyar, ta kwantar da ita cikin sawun. Ta zauna daram. Kaka ta ce wannan yumɓun ba nata ba ne, gashin ma ba nata ba ne, ya fi nata kauri da baƙi. Ta yi ta magana da Dandanci ita kaɗai, hawaye yana bin tamojin fuskarta, ni kuwa tsoro ya kama ni don ban taɓa ganin ta yi kuka ba.

Baffana, babban ɗanta, shi ya ɗauki tsingaron ya kai wa Mai gari, ni ina biye. Baffa mutum ne mai zuciya, kuma shi ma ya sha jin ana ce masa ɗan Baƙuwa a wajen rabon gona. Mai gari dattijo ne mai raha, ba mugu ba. Ya duba, ya yi murmushi, ya ce, "To ai wanga ruwa ya kawo shi. Wa ya san daga ina? Kila wani bahwatake ya hwasa tulunai nan bara waccan. In da can ƙarƙashin tudun anka same shi, ƙasan komi, sai in ce su munka taras. Ran nan Baƙuwa ita ka zuba ruwan fari, ni na hwaɗi." Mutanen fada suka yi dariya, don kowa ya san ba mai tona tudun. Ni ban yi dariya ba. Na sa tsingaron a aljihu na tafi da maganar.

A sakandare a Bagudo muna da wani malamin tarihi, mutumin kudu, Kirista, siriri, wanda ya zauna cikinmu har yana cin tuwon shinkafa da hannu fiye da mu. Ranar duba akwatuna ya ga tsingaron cikin kayana, ya zaci laya ce. Da na ba shi labari sai ya zaunar da ni a gindin dalbejiya, ya ce, ka san akwai mutanen da wannan ne karatunsu har jami'a? Ya ɗebi ƙasa da toka da yashi ya zuba su a kwalba bi da bi, ya nuna mini. Ya ce haka ƙasa take ajiya, hawa hawa, abin da ya riga zuwa yana ƙasa, na baya yana sama. In ka tona a hankali ka san wa ya riga wa. In ka sami gawayi kusa da tukunya, akwai masu auna shi su faɗa maka zamaninsa. Amma in ka girgiza kwalbar, shi ke nan. Ya girgiza ta a gabana, komai ya zama launi ɗaya.

Daga ranar na san abin da zan karanta, kuma na sha baƙar magana a kansa. 'Yan ajinmu suka tafi likitanci da lauya da aikin kwastan, ni na ce ilimin tono kayan tarihi. Mahaifina ya ce, wato duk wahalar nan don ka zama mai haƙar rami? Abokai suka sa mini Sarkin Tsingaro. Kaka kaɗai ce in na zo hutu take jawo ni ɗakinta ta ce, "Mijina, yaushe za a tona?" In ce sai na gama wannan. In na gama, in ce saura wani. Ban yi mata ƙarya ba, haka abin yake. Ba a ba ɗalibi kufai ya tona don kakarsa tana sauri. Na bi malamaina wurare, na koyi yadda ake kankare ƙasa da ɗan cokalin magina da burushi, yini guda ba ka sauka tsawon yatsa ba. Na tsallaka ƙetare na zauna da masu irin aikinmu na can, muna haɗa Faransancina mai ɗingishi da Dandancin da na tsinta a bakin Kaka. A rumbun ajiyarsu na ga tsingaro daga ƙasar Dandi da ta Bargu, na ga yadda zane yake bin hanyar fatake da hanyar aure, bai san da wata iyaka ba. Na ga ƙayar kifi da ɗigo a can ma. Abin da ya rage shi ne tudunmu.

Kafin izinin tona tudun ya fito, kafin a sami abin tafiya, idon Kaka ya fara rufewa. Randa biyu ta gina a ƙarshe, da lalube. Ɗaya ta ƙanwata, wadda aka sa bikinta bayan girbin shinkafa. Ɗaya ta kife a ɗakinta, ta ce ta matar da zan auro mata kishiya ce, in na ga dama na yi hankali. "Duka biyun ni ka zuba musu," in ji ta. "Ka dai yi tononka."

Da komai ya kammala, sai na yi abin da kowane ɗa mai tarbiyya zai yi. Ba a faɗo wa gari da baƙi ba sanarwa. Na ba wani direban garinmu saƙo ranar kasuwa, na ce ya gaya wa Baffa da Mai gari muna tafe da babban malamina da wani abokin aikinmu daga ƙetare, za mu tona tudu, a taimaka mana da masauki da matasa masu ƙarfi. Iyakar saƙon ke nan.

Ranar da muka iso, tun daga kan jingar da ke tare ruwa a bakin gari na ga wani abu bai yi mini daidai ba. Jingar ta yi tsayi, an yi mata sabon ciko da baƙar ƙasa. Na ɗaga kai in nuna wa malamina tudun, sai na ga tsamiya ita kaɗai a tsaye kan wani ɗan dunƙulen ƙasa, saiwoyinta a waje. Na ce a raina ko hanya ce ta juya mini. Kafin in gama tunani makaɗa sun tare mu, yara suna tsalle, Baffa a gaba cikin babbar rigarsa ta Sallah, bakinsa har kunne.

Gayya suka yi. Da saƙona ya iso, Baffa ya ce abin kunya ne a ce manyan malamai sun taso daga birni, da baƙo daga wata ƙasa, a bar su su riƙe fartanya a garinmu muna kallo. Ina mutuncin garin? Mutane suka ce ai tudun ba ya taɓuwa. Baffa ya bi gida gida, ya ce mai tonon ɗanku ne, kuma in shi yaro bai ji tsoro ba ku ne za ku ji? Liman ya yi addu'a, aka yanka akuya, aka kira gangar noma. Maza suka hau tudun da galma da diga da kwanduna, tudun da iyayensu ba su taɓa cire masa ko ciyawa ba. Suka sauke shi har sai da suka taras da farin yashi. Ƙasar suka kai jinga, don kada ta yi asara. Toka da gawayi, da suka ga suna da yawa, suka watsa a gonaki. Duk abin da ya yi kama da aikin hannu kuma suka tsince shi tsaf, ba su yar da ko ɗaya ba, mata suka kai kogi suka wanke da soso. Aka share wurin, aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa tabarmi.

A kan tabarmin nan suka jera mana kayan. Manyan tsingaro gefe ɗaya, ƙanana gefe ɗaya, jajaye daban, baƙaƙe daban. Duwatsun niƙa, ƙarafa masu tsatsa, duwatsun wuya, har da wasu tukwane da ba su fashe ba. Sai ƙyalli suke yi a rana.

"Ga shi nan, mun hutasshe ku," in ji Baffa. "Ba sauran wahala, sai ku zauna inuwa ku duba."

Malamina ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Abokinmu na ƙetare ya juya baya yana kallon kogi. Ni kuwa na durƙusa a bakin tabarma, mutane suka zaci godiya nake yi. Kwalbar malamin tarihin nan ce kawai take juyawa a idona. Na dubi hannun Baffa, duk ya yi kanta ya fashe, dattijo da jikoki. Ka gaya mini, mai karatu, da wane baki zan ce masa ya yi ɓarna? Malamina, Allah ya jiƙansa, shi ya fara samun murya. Ya ce an gode, an sha aiki, Allah ya saka da alheri.

Sai aka jawo Kaka, ƙanwata tana riƙe da hannunta. Ashe ita ma da ita aka yi wankin, tana zaune a bakin ruwa ana miƙo mata. Ta zauna a tabarma ta fara lalube. Ba ta daɗe ba ta ɗago ɗaya, ta ɗago wani, ta tara su a cinyarta, duk ƙayar kifi da ɗigo. Suna da yawa, wallahi suna da yawa. Akwai wasu zanen kuma iri iri, na tabarma, na tsagar wuƙa, na totuwar masara. Mutane da dama sun zauna a tudun nan, wasu bayan wasu. Ta fito da igiyarta tana gwadawa tana dariya, tana cewa fofo, fofo, wato godiya da harshensu.

Mai gari ya tsufa sosai a lokacin, amma bai manta ba. Ya sa aka yi shiru, ya dube ni ya ce, "To Malam, magana tana nan inda na aje ta. Ga kaya sun hito. Na Baƙuwa, ƙasa suke ko bisa?"

Na juya wajen matasan da suka yi haƙar, na ce ko akwai wanda ya tuna daga ina masu ƙayar kifin suka fito. Wani ya ce shi dai a kwando ya gan su. Wani ya ce kamar daga tsakiya. Wani ya ce ƙasa, ɗan'uwansa ya ce a'a, ranar farko aka fara samunsu. Baffa ya ce, "Yo ba duk tudu guda ba ne?"

Gari duka ni yake kallo. Kaka ta ɗago fuskarta wajen da take jin numfashina. Kalma ɗaya ake nema, kuma ba wanda zai ƙaryata ni, ni ne mai karatun. Malamina ma na san ba zai tona mini asiri a gaban mutane ba. Zuciyata tana gaya mini ƙasa suke, har yau haka take gaya mini. Amma zuciya ba ta cikin kayan aikinmu. Kuma wannan tambaya ita na ba ƙuruciyata duka, don in amsa ta da gaske, ba don in yi abin da kowa zai iya yi tun ina yaro ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Yanzu kuma babu mai iya sani."

Sai da na yi bayani mutane suka gane. Ina cikin bayanin na ga fuskar Baffa tana sauka. Ya tashi ya bi ta bayan tsamiya ya tafi gida. Mai gari ya ce to, Allah ya sa haka ne mafi alheri, al'ada tana nan yadda take. Ban ga laifinsa ba, sharaɗinsa ya faɗa tun farko. Ban ga laifin Baffa ba. Na juya abin ta kowace fuska shekara da shekaru ina neman wanda zan ji haushi, ban samu ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Kaka ta mayar da tsingaron tabarma ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe igiyarta ta sa a lalita. Ta miƙo hannu in tashe ta. Muna tafiya a hankali ta matse mini yatsu, ta ce, "Kai dai anka yi mijin banza. Ko ƙaryar yini guda ba ka iya yi ma matarka." Da dariya ta faɗa. Ni na kasa.

Bayan girbi aka yi bikin ƙanwata. Kaka ta sa aka ɗauko randar, ta durƙusa da kanta ta gyara mata zama da tsakuwa, sannan ta ja da baya. Wata tsohuwa da Kaka ta taɓa goyawa ita ta zuba ruwan fari. Randar ta yi shuuu, ƙanshin ya tashi, aka yi guɗa. Na ga Kaka ta buɗe hanci tana shaƙa, ta ce wa ta kusa da ita gashin ya yi kyau. Damina ba ta kewayo ba ta rasu. A wajen zaman makoki ina ji ana cewa, Allah ya jiƙan Baƙuwa, mutuniyar kirki. Baffa kuwa har ya koma ga Allah bai sake bi ta hanyar tsamiya ba, ko da kuwa ita ce kusa.

Kayan tudun suna nan a ajiye a jami'ar da nake koyarwa. Mun yi rubutu a kansu daidai abin da za a iya, wato cewa mutane masu zane iri iri sun zauna a wurin, har da masu zane irin na ƙetare. Wa ya riga wa, babu. Duk shekara in sababbin ɗalibai suka zo nakan kawo kwalba da ƙasa da toka da yashi, in girgiza a gabansu. Nakan kuma ce musu, in za ku je gari, kada ku aika saƙo, ku je da ƙafarku ku zauna da dattawa ku yi bayani har su gaji da ku, domin mutanenmu in suna son ka ba sa bari ka wahala. Sukan yi dariya, su rubuta.

Bara na je gida. Inda tudun yake shinkafa ce kore shar, injin ban ruwa yana ta tatata, tsamiyar ta faɗi tuntuni. Na halarci bikin 'yar wani ƙanena. Kayan amarya sun zo a mota, da manyan robobin ruwa shuɗɗa daga kasuwar iyaka. Na tambayi wata yarinya wa zai zuba ruwan fari, ta dube ni ta ce, ruwan me? Babu mai gina randa a garin yanzu. Babu kuma mai tambayar wane ne ɗan asali, rabin matan garin daga ƙetare suke, suna waya da iyayensu kullum. Abin da aka hana Kaka har ta mutu, yau ko a ƙasa aka ajiye shi babu mai sunkuyawa ya ɗauka.

Randa ta biyu ita ce wannan da ke kusurwar ɗakina, igiyar kuma tana cikinta. A birni na yi aure, bayan rasuwarta. Ranar da aka kawo matata, 'yan'uwana mata suka girka randar a tsakar gida suka ce a nemo tsohuwa a unguwa ta zuba. Na ce a bari tukuna. Matata ta yi magana a shekarun farko, daga baya ta gane, yanzu ita ce ma take goge mata ƙura. Na san randa ba a gina ta don ta zauna a bushe ba, Kaka da kanta za ta fara zagina a kan haka. Sau da yawa na ɗebo ruwa na zo har bakinta. Sai in tuna ta ce ita za ta zuba, in na gama tonona. Ni kuwa ban tona ba.